BABI NA UKU: SHARUƊƊAN BA BAƘI TALLAFIN ABINCI A ƘASAR AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan hanyoyin da baƙi suke bi su shiga ƙasar Amurka, da kuma ire-iren takardun zama da hukuma take ba su. A wannan babi kuwa za a duba sharuɗɗan da doka ta gindaya wa baƙo kafin ya sami tallafin abinci daga gwamnatin tarayya. Muhimmin abin da babin zai nuna shi ne, talauci kaɗai ba ya isar baƙo ya sami wannan tallafi. Ɗan ƙasa ƙofa ɗaya yake bi, wato ya nuna cewa abin da yake samu ba ya isarsa ciyar da gidansa. Shi kuwa baƙo ƙofa biyu ce a gabansa, domin sai an fara tabbatar da cewa irin takardar zamansa tana cikin waɗanda doka ta amince da su, sannan a duba abin hannunsa. Ita wannan ƙofa ta farko an yi ta ƙuntata ta ana faɗaɗa ta, musamman a shekarun 1996 da 1998 da 2002 da kuma 2025.

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Shirin

Shirin da ake magana a kansa shi ne wanda ake kira SNAP a taƙaice, wanda da can aka fi sani da shirin tikitin abinci. An fara gwada shi ne a shekarar 1939 a garin Rochester da ke jihar Niyok. A wancan lokaci, mutum yakan sayi tikiti mai ruwan lemo na dala ɗaya, sai a ƙara masa shuɗin tikiti na rabin dala kyauta, wanda zai karɓi irin abincin da ya yi wa manoma kwantai. An dakatar da shirin a 1943, sannan shugaba John Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sanya hannu a kan dokar da ta tabbatar da shi a 1964, kuma ya game ƙasar baki ɗaya a 1974. Dokar 1977 ita ce ta soke sharaɗin sai mutum ya sayi tikiti da kuɗinsa. Ya zuwa 2004 dukkan jihohi sun bar tikitin takarda sun koma amfani da kati irin na banki, sannan a 2008 aka sauya wa shirin suna.

Ma'aikatar Aikin Gona ta tarayya ce take kula da shirin, amma ofisoshin jin daɗin jama'a na jihohi su ne suke karɓar takardun masu nema, su yi hira da su, su kuma yanke hukunci. Doka ta ba su kwana 30 su kammala wannan aiki, ko kwana 7 idan gidan yana cikin matsananciyar buƙata. Kuɗin da ake zubawa a katin na sayen kayan abinci ne da irin shuka, ba a sayen giya ko taba ko sabulu da shi. A shekarar kuɗi ta 2024 mutane kimanin miliyan 41 da dubu 700 ne suka riƙa karɓar tallafin kowane wata, kuma abin da yakan faɗo wa mutum ɗaya bai wuce dala 187 a wata ba idan aka raba daidai. Daga cikin waɗannan mutane, waɗanda ba 'yan ƙasa ba ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

3.2 Dokar Shekarar 1996

Kafin 1996, baƙon da yake da izinin zama na dindindin, da ɗan gudun hijira, da wanda aka ba mafaka, duk ana auna su ne da ma'aunin da ake auna ɗan ƙasa. Su kuwa baƙin haure, wato waɗanda ba su da takardun zama, dama can ba sa cikin shirin. Haka ma waɗanda suka shiga da biza ta ɗan lokaci, kamar ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido.

A ranar 22 ga Agusta, 1996, shugaba Bill Clinton ya sanya hannu a kan dokar garambawul ga tsarin tallafin jama'a. Wannan doka ta raba baƙi gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda ta kira baƙin da suka cancanta, waɗanda suka haɗa da masu izinin zama na dindindin, da 'yan gudun hijira, da waɗanda aka ba mafaka, da waɗanda aka dakatar da mayar da su gida saboda haɗarin da zai same su, da kuma waɗanda aka ba izinin shiga na jinƙai na aƙalla shekara ɗaya. Daga baya aka ƙara matan aure da yaran da ake gallaza wa a gida, da kuma wasu baƙi 'yan Kyuba da Haiti. Kashi na biyu kuwa ya ƙunshi duk sauran baƙi.

Abin lura a nan shi ne, sunan nan na waɗanda suka cancanta yana iya rikitar da mai karatu, domin shiga wannan kashi bai ba mutum tallafin abinci ba. Dokar ta hana mafi yawansu tallafin, in ban da rukuni uku:

i. 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, na tsawon shekara biyar ta farko;

ii. masu izinin dindindin da suka yi aiki na rubu'in shekara 40;

iii. sojojin Amurka da tsofaffin sojoji tare da matansu da 'ya'yansu.

Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa dokar za ta rage wa gwamnati kashe kimanin dala biliyan 54 cikin shekara shida, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na wannan kuɗi daga yanke wa baƙi tallafi iri-iri zai fito. Shi kansa shugaba Clinton, a ranar da ya sanya hannu, ya bayyana rashin amincewarsa da sassan da suka shafi baƙi, ya kuma yi alkawarin neman a gyara su. Duk da haka, a 1997 ɗaruruwan dubban baƙi masu zaman halal suka rasa tikitin abinci.

3.3 Gyare-gyaren 1998 da 2002

Koke-koken da suka biyo baya sun sa Majalisa ta sassauta a 1998. Daga ranar 1 ga Nuwamba ta wannan shekara aka mayar da tallafin ga yara 'yan ƙasa da shekara 18, da naƙasassu, da tsofaffin da suka kai shekara 65, amma da sharaɗin suna zaune a ƙasar bisa izini tun ranar 22 ga Agusta, 1996. Haka kuma aka ƙara wa'adin 'yan gudun hijira daga shekara biyar zuwa bakwai, aka kuma shigar da 'yan ƙabilar Hmong na ƙasar Lawos waɗanda suka taimaka wa Amurka a yaƙin Biyetnam. Wannan gyara ya amfani mutum kimanin 250,000, sai dai bai taɓa mafi yawan waɗanda suka shigo bayan Agustan 1996 ba.

Gyara mafi girma shi ne na dokar aikin gona ta 2002, wadda shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu. An aiwatar da ita ne daki-daki. A watan Oktoba na 2002 aka buɗe wa masu karɓar tallafin naƙasa, ko da yaushe suka shigo. A watan Afrilu na 2003 aka buɗe wa duk baƙon da ya cika shekara biyar a cikin rukunin waɗanda suka cancanta. A watan Oktoba na 2003 kuma aka buɗe wa dukkan yaran wannan rukuni ba tare da jiran komai ba. Daga nan ne sharaɗin jiran shekara biyar ya zama ginshiƙin tsarin. Bayan wannan an ci gaba da ƙara wasu ƙananan rukunai da ake ɗauka tamkar 'yan gudun hijira, kamar 'yan Iraƙi da Afganistan da suka yi wa sojojin Amurka aiki. A 2024 kuma aka shigar da 'yan ƙasashen Maikuronesiya da Tsibiran Mashal da Palau, waɗanda suke da yarjejeniyar zama ta musamman da Amurka.

3.4 Dokar Shekarar 2025

A ranar 4 ga Yuli, 2025, shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan wata babbar dokar haraji da kasafin kuɗi wadda ta sake ƙuntata ƙofar. Bisa ga wannan doka, ban da 'yan ƙasa, rukuni uku kaɗai suka rage:

i. masu izinin zama na dindindin, wato masu koren kati;

ii. baƙin Kyuba da Haiti da doka ta keɓe;

iii. 'yan ƙasashen nan uku na tekun Fasifik da aka ambata a sama.

Ma'anar wannan ita ce, 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka da masu izinin jinƙai da waɗanda aka yi fataucinsu, duk sun fita daga shirin muddin ba su sami koren kati ba. Wannan babban sauyi ne, domin ko dokar 1996, duk da tsananinta, ba ta taɓa ɗan gudun hijira a shekarunsa na farko ba. Dalili kuwa shi ne, shi ɗan gudun hijira gwamnati ce da kanta take tantance shi ta shigo da shi, kuma galibi yakan iso ba shi da ko sisi. Tun da yake doka ba ta ba shi damar neman koren kati sai ya cika shekara ɗaya a ƙasar, ke nan lokacin da ya fi buƙatar tallafin shi ne aka hana shi. Ofishin Kasafin Kuɗi na Majalisa ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 90,000 ne wannan sashe zai fitar.

An kuma sami saɓani wajen fassara dokar. Umarnin da Ma'aikatar Aikin Gona ta aika wa jihohi a ƙarshen Oktoban 2025 ya nuna kamar ɗan gudun hijirar da ya sami koren kati sai ya jira shekara biyar. Jihohi fiye da 20 suka kai ƙara kotu a watan Nuwamba, kuma a watan Disamba ma'aikatar ta fitar da ƙarin bayani cewa irin waɗannan mutane ba sa cikin masu jira.

3.5 Sharuɗɗan da ke Kan Mai Izinin Dindindin

Mallakar koren kati ba ta wadatar ba, sai mai shi ya cika ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa: ya kasance ya shekara biyar da samun matsayin da doka ta amince da shi, ko shekarunsa ba su kai 18 ba, ko yana karɓar tallafin naƙasa ko makanta, ko yana da alaƙa da aikin soja kamar yadda aka ambata, ko ya shigo ne tun farko a matsayin ɗan gudun hijira ko mai mafaka, ko kuma yana da rubu'i 40 na aiki.

Wannan sharaɗi na ƙarshe yana buƙatar ƙarin bayani. Hukumar fansho ta ƙasa takan rubuta wa ma'aikaci maki gwargwadon abin da ya samu, kuma ba a wuce maki huɗu a shekara. A 2025 kowace dala 1,810 da mutum ya samu ta hanyar aiki tana ba shi maki ɗaya. Ke nan maki 40 aikin shekara goma ne ga mutum ɗaya. Sai dai doka ta yarda a haɗa makin miji da na mata na lokacin da suke tare, haka ma makin da iyaye suka tara kafin ɗansu ya kai shekara 18. Saboda haka, miji da mata da suke aiki su biyu suna iya cika adadin cikin shekara biyar. Amma duk rubu'in da mutum ya karɓi tallafin talakawa na tarayya a cikinsa bayan ƙarshen 1996, ba a lissafa shi.

Alal misali, 'yan Afirka ta Yamma da suka shiga Amurka ta hanyar bizar ƙuri'a, wadda dokar shige da fice ta 1990 ta ƙirƙiro, sun sauka ne da izinin dindindin. Duk da haka magidancin da ya shiga ta wannan hanya yana cikin masu jiran shekara biyar, alhali 'ya'yansa ƙanana da suka sauka tare da shi suna iya samun tallafin nan take. Jihohi suna tantance duk waɗannan takardu ne ta hanyar rumbun bayanai na hukumar shige da fice mai suna SAVE, wanda aka kafa bayan dokar 1986.

3.6 Sharaɗin Samu da Batun Mai Ɗaukar Nauyi

Idan baƙo ya wuce ƙofar farko, sai a auna shi da ma'aunin kowa. A ƙa'idar tarayya, jimillar abin da gida yake samu a wata kada ya wuce kashi 130 cikin 100 na mizanin talauci, sannan abin da ya rage bayan an cire wasu ɗawainiyoyi kada ya wuce mizanin kansa. A shekarar kuɗi ta 2025, ga gida mai mutum huɗu, iyaka ta farko dala 3,380 ce, ta biyu kuma dala 2,600, kuma mafi yawan abin da za a ba gidan dala 975 ne a wata. Ajiyar kuɗi ma kada ta wuce dala 3,000, ko 4,500 idan akwai tsoho ko naƙasasshe, ko da yake jihohi da yawa sun sassauta waɗannan iyakoki. Har ila yau, baligi mai lafiya wanda ba shi da ƙananan yara sai ya yi aiki ko koyon sana'a na awa 80 a wata, in ba haka ba wata uku kaɗai zai karɓa cikin shekara uku. Dokar 2025 ta miƙa wannan sharaɗi har zuwa masu shekara 64.

Ko a wannan ƙofa ma akwai wani nauyi da ya keɓanta ga baƙo. Mafi yawan waɗanda dangi suka ɗauko, sai wanda ya ɗauko su ya cika takardar rantsuwa cewa zai ɗauki nauyinsu, kuma tun daga Disamban 1997 wannan takarda ta zama alkawarin da ake iya kai mutum kotu a kansa. Idan irin wannan baƙo ya nemi tallafi, sai a ɗauki wani ɓangare na samun mai ɗaukar nauyin da na matarsa a lissafa tamkar na baƙon ne, ko da kuwa ba a ba shi komai a ciki. Wannan lissafi yakan sa gida ya haura iyaka a takarda, alhali tukunyarsa ba ta shaida ba. Ana ci gaba da yin sa har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa ko ya cika rubu'i 40. An keɓe yara daga wannan lissafi, da matan da ake gallaza wa, da kuma wanda aka tabbatar ba zai iya ci da kwana ba idan ba a taimaka masa ba.

3.7 Gidan da ya Haɗa Mai Cancanta da Marar Cancanta

Gidajen baƙi da yawa sun haɗa mutane masu matsayi daban-daban, kamar uwa wadda ba ta cika shekara biyar ba da 'ya'yan da aka haifa a Amurka suke da shaidar zama 'yan ƙasa. A irin wannan hali uwa tana iya nema wa 'ya'yanta, ita kuma ta tsaya a matsayin wadda ba ta nema, kuma takardun waɗanda ake nema wa ne kaɗai ake tantancewa. Sai dai ana lissafa samunta, kuma jihohi da yawa sukan raba shi ne bisa yawan mutanen gidan su cire kasonta.

Ga misali da alƙaluman shekarar kuɗi ta 2025, ba tare da sanya rangwamen kuɗin haya ba. A ɗauka uwa tana samun dala 1,500 a wata, tana da 'ya'ya biyu. Idan aka raba uku aka cire kasonta, saura 1,000. Sai a cire kashi 20 cikin 100 na ladan aiki, wato 200, a kuma cire rangwamen bai-ɗaya na 204, saura 596. Doka tana ɗauka cewa gida zai kashe kashi 30 cikin 100 na wannan a kan abinci, wato 179. Idan aka cire shi daga dala 536, wadda ita ce iyakar gida mai mutum biyu, za a ba yaran dala 357. Da a ce uwar ta cancanta, da lissafin ya ba gidan dala 469. Ke nan gidan ya rasa dala 112 kowane wata, kuma tun da yake tukunya ɗaya ake ci, yaran da suke 'yan ƙasa su ma ragin ya shafe su.

3.8 Tsoron Zama Nauyi ga Hukuma

Akwai wani abu da yake hana baƙi nema ko da sun cika dukkan sharuɗɗa. Tun 1882 dokar shige da fice ta ba hukuma ikon hana wanda ake ganin zai zama nauyi a kanta izinin shiga. Bayanin da aka fitar a 1999 ya nuna cewa tikitin abinci ba ya cikin abin da ake dubawa. Ƙa'idar 2019, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2020, ta shigar da shi, aka daina aiki da ita a Maris na 2021, sannan ƙa'idar 2022 ta sake fitar da shi. A Nuwamban 2025 kuma gwamnati ta gabatar da shawarar soke ta 2022. Wannan kai-kawo ya jefa tsoro a zukatan mutane. Wani bincike na cibiyar Urban Institute ya gano cewa a 2018, kusan mutum ɗaya cikin bakwai na manya a gidajen baƙi sun ce su ko wani nasu ya ƙaurace wa tallafin hukuma don gudun kada ya ɓata masa neman koren kati, tun ma kafin ƙa'idar ta fara aiki.

3.9 Sauran Hanyoyin Samun Abinci

Wanda shirin tarayya ya rufe wa ƙofa yana da wasu ƙananan hanyoyi. Dokar 1996 ta tanadi cewa duk yaron da yake da damar shiga makarantar gwamnati ba za a hana shi abincin makaranta saboda takardun zama ba. Shirin WIC na mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, an bar wa jihohi zaɓi a kansa, kuma mafi yawansu ba su sanya sharaɗin takardu ba. Bugu da ƙari, bayan 1996 wasu jihohi kamar Kalifoniya da Washintan sun kafa nasu shirin da kuɗinsu domin baƙi masu zaman halal da tarayya ta fitar. Akwai kuma rumbunan abinci na ƙungiyoyin agaji da coci-coci da masallatai. Waɗannan duk ba su kai shirin tarayya ƙarfi ba, sai dai masu iya magana kan ce, da babu gara ba daɗi.

3.10 Naɗewa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana sharuɗɗan da baƙo yake cikawa kafin ya sami tallafin abinci a Amurka. An ga cewa ana fara duba irin takardar zamansa, da tsawon zamansa, da shekarunsa, da tarihin aikinsa, kafin a zo kan samunsa, inda nan ma ake iya lissafa masa dukiyar wanda ya ɗauki nauyinsa. An kuma ga cewa ma'aunin talauci bai sauya sosai ba a tsawon waɗannan shekaru, amma jerin baƙin da aka yarda a auna da shi ya sauya sau da dama, gwargwadon siyasar lokaci da buƙatar rage kashe kuɗi. Saboda haka maƙwabta biyu masu samu iri ɗaya suna iya samun hukunci daban, haka ma mutanen gida ɗaya. A babi na gaba za a duba tasirin waɗannan sharuɗɗa a kan lafiyar yara da karatunsu a gidajen baƙi.